Buhun Gwaggo da Yankan Lemo

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da 'yan makarantar kwanan da kike dafa wa abinci. Yaya ciwon gwiwar nan? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. Baba yana tasha yana fama da gyaran motoci, Mama tana zuwa wankinta da gugarta a otal, su Yaya duk suna gaishe ki.

Gwaggo, akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa a gidanmu ba. Ba zan iya faɗa a waya ba, don kin san Baba in ya kira ki buɗe muryar yake yi kowa ya ji. Shi ya sa na rubuta na ba direban da ke kai miki saƙo.

Na daɗe ba na cin abinci. In Mama ta zuba mini sai in ce a ɗaki zan ci, in juye a leda, da safe in kai wa wata kyanwa da ke bayan shagon ɗinkin da nake koyon aiki. A shagon ma abin ya faro. Wata rana Madam mai shagon tana koya mana awo, ta tsayar da ni a tsakiya, ta zagaya tef a ƙuguna, ta faɗi lambar da ƙarfi, ta ce, "Kai Auta, ke kam sai an ƙaro yadi!" Kowa ya yi dariya. Na san ba da mugunta ta faɗa ba. Amma tef ɗin a wuyana yake yini, kuma da zarar an bar ni ni kaɗai sai in auna kaina. Tun ina rage loma har na koma tsoron kwano.

Rannan ina guga sai na ga bango yana juyawa. A asibitin unguwa na farka. Bayan likita ya duba ni, wata Sista mai sanyin murya ta zauna a bakin gadon ta ce, "Yaushe rabonki da ki ci ki ƙoshi?" Sai hawaye suka zubo mini. Ta ce dole iyayena su sani, amma za ta ɗan saurara mini in faɗa da bakina, in na kasa ta raka ni. Ta kuma ce in riƙa zuwa wani ɗaki a bayan asibitin duk Asabar. Mama ta ɗauka zuwa nake yi a duba ni kan rashin jini.

Gwaggo, ɗakin nan! Da ma kina nan ki gani! Ba kujera ko ɗaya, sai tabarmi. Madubin da ke ciki an juya fuskarsa bango. Ba a maganar awo, ba a maganar nauyi. Takalma a bakin ƙofa ake barin su. Da muka tsaya, Sista ta ce, "Ku ji ƙafafunku." Na ce a raina, ƙafa ai tana nan inda take. Sai can na ji sanyin siminti yana shiga tafin ƙafata, na ji ashe duk yatsuna a danƙare suke kamar masu jiran duka. Na sake su.

Daga nan muka zauna, kowa ta ɗora hannu a cikinta tana numfashi a hankali. Ni rabon da in taɓa cikina ba don awo ba har na manta. Ɗaki ya yi tsit. Sai cikin wata yarinya da muke ce wa Mai Tabarau ya yi wani irin ƙugi kamar tsohuwar mota. Ta rufe fuska. Sista ta ce, "Madalla! Ga wani ya fara magana." Muka kwashe da dariya, har da ni, Gwaggo, ni da ba a jin dariyata.

Na zaci ramammu kawai ke zuwa. Ashe akwai wata Anti mai aikin banki, babbar mace mai kwalliya, ita kuma a ɓoye take ci cikin motarta har sai cikinta ya yi ciwo. Ta ce mini, "Ni da ke ciwonmu ɗaya, 'yar ƙanwata. Dukkanmu mun daina jin abin da ciki ke faɗa."

Sai aka kawo lemo, aka ba kowa yanka ɗaya. Ba a ci nan take. Sai ka duba, ka sansana, ka ɗora a harshe ka jira. Kin san lemo yana da ɗan ɗaci ta wajen ɓawo kafin zaƙin ya iso? Ni ban sani ba! Na daure na ci. Wallahi yankan lemon nan shi ne abu mafi daɗi da na ci a bana.

Na ƙosa Asabar ta zagayo. Don Allah Gwaggo, kada ki faɗa wa kowa tukuna.

'Yarki,
Auta

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, gwiwa tana nan tana mulkinta. Gaisuwa ta tsaya nan, don raina a ɓace yake.

Takardarki ta same ni a bakin tukunya, a tsaye na karanta ta, ludayi na hannu ɗaya. Da na zo inda kika ce yankan lemo shi ne abu mafi daɗi da kika ci a bana, sai da na nemi bango na dafa. 'Yar ƙanena, jinina, tana faɗuwa a shago don yunwa, ni kuma ina nan ina juya tukunyar da mutum zai iya wanka a ciki!

Ki bar ni da zancen kyanwa da tef. Na san ki da kunya, na san ki da kara. Asirin gidanku kike rufawa, Allah ya yi miki albarka, amma ni ba yarinya ba ce. Tun ba a haife ki ba nake ciyar da yara, ban taɓa ganin wanda ya ga abinci ya gudu ba. Nan har a kan ƙanzo dambe suke yi. In babu ne a gidan, me ya hana a gaya mini? In kuma akwai, ina uwarki take kallo?

Sannan wane irin asibiti ne wannan, a tara masu jin yunwa a ce su saurari ƙafafunsu? Ƙafa me za ta ce? A ba ni ɗakin nan yini ɗaya da tukunya biyu ki ga aiki.

Na ba direba buhu. Akwai shinkafa, wake, mai, busasshen kifi, madarar gari da sukari. Naki ne, kada ki bari ƙartin yayyen nan naki su gama da shi. Na kuma rubuta wa ubanki, wancan ƙanen nawa da ba ya ganin komai in ba injin mota ba, na gaya masa abin da ya sawwaƙa game da shi da matarsa. Na san kin ce kada in faɗa. Yunwa ba a yi mata sirri.

Ki ci, ki ƙara, ki rubuto mini.

Gwaggonki

*

Auta,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa ya koma, hannunsa wayam. Na tambaye shi ko ya gan ki, ya ce ya hango ki a ƙofar shago kin sunkuyar da kai. Na ce wannan ai ba labari ba ne, haka aka haife ta. Na kira ubanki ya ce yana ƙarƙashin mota. Na sake kira, wai har yanzu yana ƙarƙashinta. Motar nan a kansa aka ƙera ta?

Buhun ya iso? Kin ci? Ko layi biyu ne ki rubuto, hankalina ya ƙi kwanciya.

Gwaggonki

*

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma neman gafara kan shirun da na yi. Kowa lafiyar jiki ƙalau. Gidan ne dai ba daɗi.

Buhu ya iso. A tasha direba ya ba Baba, tare da takardarki, kuma a gaban abokan aikinsa ya buɗe yana murmushi, ya zaci gaisuwa ce. Da ya dawo ya dire buhun a tsakiyar falo, ya miƙa wa Mama takardar. Mama ta karanta har ƙarshe. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Hannuna ta kama ta kai ni kicin, ta shiga buɗe robobi da gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Auta, duba da kyau. Wanne ne babu? Faɗa mini wanda babu in je in nemo."

Gwaggo, bakina ya ƙi buɗewa. Ina da maganar, tana nan a ƙirjina, amma ina ganin idonta sai ta maƙale.

Tun ranar, shinkafarki take dafawa. Ta cika faranti har ya yi tozo, ta ajiye a gabana, ta ja kujera ta zauna tana kallona. "Ci. Ci in gani, kada a sake cewa ina kashe ki da yunwa." Ni kuwa da an zuba mini ido sai cin ya gagare ni. In tura cokali ɗaya, in ji kamar tsakuwa. Ta tashi ta shiga ɗaki, in ji tana jan hanci.

Kuma ta hana ni zuwa ranar Asabar. Ta ce can ne aka koya mini kai ƙarar uwata wurin dangin miji.

Gwaggo, ban taɓa yi miki musu ba, amma yau ki yi haƙuri ki saurare ni. Ba yunwar gida ba ce. Zancen kyanwa gaskiya ne, zancen tef gaskiya ne. Lemon nan ba shi ne abincinmu ba, koyo ne. Bayan shi mukan zauna mu ci abincin rana sosai tare, har da Sista, kowa da farantinta, ba mai leƙa na wata. Likita ma ya tsara mini lokutan ci, ko na ji yunwa ko ban ji ba. Sista ta ce cikina kamar yaro ne da aka daɗe ana ce masa yi shiru, yi shiru, har ya daina magana. Sai an yi ta ba shi a kan lokaci, ana saurarensa, kafin ya yarda ya sake buɗe baki. Abin da muke koyo ke nan da ƙafa da numfashi. Na fara iyawa, Gwaggo. Har na kai ina cinye rabin farantina a can.

Yanzu na koma auna kaina a bayan labulen shago. Jiya Mai Tabarau ta biyo ta ƙofar shagonmu ta ce, "Ke 'yar guduwa, tabarmarki tana ta tambayarki." Na yi dariya, da ta tafi na shiga bayi na yi kuka.

Na ce kada ki faɗa. Na san don kina sona kika yi. Amma na ce kada ki faɗa.

'Yarki,
Auta

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai dai kunya da ta ishe ni.

Wannan karon zama na yi, na sa tabarau, na karanta takardarki. Na ɗauko ta farkon ma na sake karantawa. Komai kin faɗa a ciki, ni ce na karanta abin da ke kaina. Ki yafe wa tsohuwar banza. Na rubuta wa uwarki daban na ba ta haƙuri. In ta yaga takardar ma ba ta yi laifi ba.

Bari in ba ki dariya. Na sayi lemo na zagaya bayan kicin, na tuɓe silifa na tsaya a ƙasa ina sauraren ƙafa. Masu taya ni aiki suka leƙo, ɗaya ta ce, "Uwar kicin, aljanu ne ko hawan jini?" Na ce ku ɓace mini da gani. To ƙafa dai ta yi magana. Cewa ta yi ta gaji. Na zauna a kan bokiti na ci lemon nan a hankali, sai na tuna rabon da in zauna in ci abinci a faranti har na manta. Daga bakin ludayi nake ƙoshi, a tsaye. Ɗacin da kika ce ma na ji shi.

Wani abu kuma. Da na buɗe ido a ɗakin cin abinci, na ga wata yarinya 'yar aji biyu tana tura farantinta wa ta kusa da ita, kullum. Da can cewa nake yi yarinyar kirki ce mai kyauta.

Yanzu ga shawarata. Ni na ɓata, ni zan gyara. Gidan nan ya yi miki zafi, ki taho wurina. Ɗakina ya ishe mu, akwai asibiti kusa, akwai masu ɗinki in kina son ci gaba da koyo. Ba mai sa miki ido. Na samu ubanki a waya, ya fito daga ƙarƙashin motar, ya ce in hakan zai sa ki warke ya amince. Ƙarshen wata direba zai taho da ke, na ce ya ba ki gidan gaba. Ki haɗa kayanki.

Gwaggonki mai ƙaunarki

*

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum! Ina gaishe ki, ina gaida gwiwa, ina gaida ƙafar da ta yi magana. Na yi dariya har Madam ta ce ko an yi mini albishir ne. Mu duk lafiya. Mama ba ta yaga takardarki ba, ta ce in gaishe ki, amma ta ce gaisuwar ƙarama.

Gwaggo, zauna kafin ki karanta wannan, kada ki karanta a bakin tukunya!

Da Baba ya faɗi zancen tafiyata, Mama ba ta ce a'a ba. Ranar hutunta ta wanke kayana duka, ta goge su irin gugar otal, ta zauna a ƙasan ɗakinmu tana ninkewa tana sa wa a jaka. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon bayanta. Sai na tuna wani abu da muke yi a wurin Sista wanda ban ba ki labarinsa ba. Mutum biyu su zauna su jingina baya da baya, ba mai ganin fuskar wani, kowa ya ji numfashin ɗan'uwansa.

Na ce, "Mama, don Allah kada ki juyo."

Ta ce, "Yau kuma wane salo ne?"

Na zauna na jingina bayana da nata. Bayanta da ɗumi, yana ƙanshin sabulu. Na ji numfashinta yana fita da sauri-sauri, ashe ita ma a tsorace take. Na ɗora hannu a cikina, na ja numfashi yadda aka koya mana. Can sai na ji nata ya fara bin nawa. Gwaggo, sai maganar ta fito! Da yake ba ido a kaina, duk ta fito, tun daga tef har leda har faɗuwa. Ni ce nake ta zuba kamar rediyo.

Na ji bayanta yana girgiza. Sannan ta ce, da muryar kuka, "Wato duk girkin da nake yi, wannan shegiyar kyanwar ce ke cinyewa? Shi ya sa ta yi kamar matashin kai!" Muka fashe da dariya muna kuka, har yanzu ba wanda ya juyo. Ta miƙo hannu ta baya ta kama nawa, ta ce, "Auta, ni ban san irin wannan ciwon ba. Ki kai ni inda aka sani."

Ranar Asabar tare muka je! Ta sa kayanta masu kyau kamar mai zuwa ganin shugaban otal. Sista ta tare ta da fara'a ta ce ta tuɓe takalmi. Mama ta raɗa mini, "Da kin gaya mini ai da na shafa mai a kaushin nan." Da aka ce kowa ta kwanta ta ɗora hannu a ciki, ba a jima ba sai muka ji wani sauti. Na zaci cikin Mai Tabarau ne. Ashe Mama ce ta yi barci har da minshari! Na so ƙasa ta tsage in shige. Anti mai banki ta ce, "Ku ƙyale ta, jikinta ne ya faɗi abin da yake so."

Bayan an tashi Sista ta zauna da ita su biyu. Ban ji duka ba, amma na ga canji. Yanzu Mama ba ta zama a gabana. A gefena take zama da nata farantin, ta zuba mini daidai yadda likita ya ce, ta yi ta ba ni labarin baƙin otal da abin da suke mantawa a aljihu. Wani lokaci ina ganin idonta yana son ya saci kallon farantina, sai ta yi maza ta kalli silin.

Ba wai na warke ba ne. Shekaranjiya na kasa, na ci kaɗan na tashi, raina ya ɓaci. Sista ta ce hakan yana faruwa, a ci na gaba a kan lokacinsa kawai. Amma jiya, Gwaggo, jiya ina kan keke ina ɗinka hannun riga, sai na ji wani abu yana murɗawa a cikina. Na tsorata, na tsayar da keken, na ɗora hannu. Yunwa ce! Yunwa ta gaske, da kanta ta zo ba agogo ya kira ta ba! Na fito da burodi da ƙwan da Mama ta ƙunsa mini, na ci a nan kan benci, a gaban kowa. Kunnuwana sun yi zafi don kunya, amma na cinye.

Yarinyar nan 'yar aji biyu, don Allah kada ki cika mata faranti. Ki zauna a gefenta tukuna, ki kuma gaya wa mai kula da lafiyarsu.

Saura magana ɗaya. Baba har ya gaya wa direba ranar tafiya, su Yaya suna ta rabon katifata tun ban tashi ba. Na san ɗakinki da daɗi, kuma ina son ganinki ƙwarai. Amma yanzu Mama ta fara koyo, ni ma haka, kuma ba na so in bar ta da jakar da ta ninke da hannunta tana zaton ta kasa. Ɗazu da ba kowa a gida na zuge jakar, na fito da kayan, na mayar da su cikin durowa ɗaya bayan ɗaya, ban ɓata gugar ba. Ban gaya wa kowa ba, ke ce ta farko. Baba da bakina zan faɗa masa in ya dawo, ko da sai na roƙe shi ya juya mini baya.

Ba zan taho ba, Gwaggo. A gida zan warke.

'Yarki,
Auta